Kirby ko Hoover: wanne ya fi sauƙin gane kayan mariƙi da waya?

Malam, tun da tsofaffin injinan zuƙe ƙura guda biyu ne aka ajiye maka, Kirby Heritage II da Hoover Convertible, kuma gyaran mariƙi da wayar wuta ne damuwarka, shawarata ka ɗauki Kirby. Na riƙe duka biyun, kuma ɗaya ne kawai ya rage a gidana.

Nawa Kirby ɗin na gaje shi ne daga kawuna, wanda ya taho da shi daga Ingila bayan ya gama karatu, kuma har yau shi ke share dardumar falo duk ranar Juma'a. Wannan samfurin ya fara fitowa a 1984 daga kamfanin da ke Cleveland a jihar Ohio ta Amurka, jikinsa na alminiyam ne, yana da nauyi ƙwarai, amma abin da ya sa na ƙaunace shi shi ne babu ko zaren waya ɗaya a cikin mariƙinsa. Wayar wutar daban take, ana cusa kanta a bayan jikin injin kusa da makunnin da ake takawa da ƙafa. Abin da za ka gani a mariƙi kuwa ba ya wuce ƙugiyoyi biyu na naɗe waya, da maratayin jakar ƙura, da ƙarfen ƙasa mai baki biyu kamar gwafa, wanda wata 'yar sandar ƙarfe ke riƙe shi da jikin injin. Idan ka zare sandar, mariƙin gaba ɗaya zai fito a hannunka. A wurin da gwafar ke zama akwai sifirin da ke tallafe mariƙin, kuma idan ka ga mariƙi yana faɗuwa ƙasa da kansa, yawanci wannan sifirin ne ya karye ko ya zame. Shekarun baya ɓera ya ci wayar nawa, sai na zare ta, na sa wata mai irin bakinta, kafin a kira la'asar inji ya koma aiki ba tare da na kwance sukuru ko ɗaya ba.

Akwai abu guda da ke ruɗa sababbin masu shi. A gaban injin akwai wani ƙaramin makunnin tsaro da ke hana shi tashi idan ba a ɗaura kan shara ko tiyo daidai ba, saboda haka kada ka yi saurin ɗora wa waya laifi idan ya ƙi motsi.

Hoover Convertible kuwa, wanda ya fara fitowa a 1957, yana shara da kyau kuma bai kai Kirby nauyi ba, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. A yawancin samfuransa na Amurka wayar tana shiga ne ta jikin bututun mariƙi, ta ratsa wani zoben roba da ke hana ta gugar ƙarfe, ta haɗu da makunnin da ake turawa da yatsa, sannan wasu wayoyi su gangara ta cikin bututun zuwa soket ɗin da ke ƙarshensa, wanda ke haɗuwa da filogi a gindi, noti ɗaya yana ɗaure su. Zoben, da makunni, da wayoyin ciki, da soket, kowannensu na iya lalacewa a inda ido ba ya gani. Wanda na saya a gwanjo, ashe wani mai gyara ya taɓa haɗa wayar ciki da baƙin salatif ya tura ta bututu, ban sani ba sai ranar da mariƙin ya ja ni. Idan har ka ɗauke shi, ka cire shi daga wuta, ka ɗauki hoton yadda wayoyin ke zaune kafin ka taɓa makunni, ka kuma ɗaura zare a bakin tsohuwar waya yayin jawo ta, domin da zaren za ka ja sabuwa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu sayarwa. Injin da aka ƙera don Amurka na volt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce, sai su yanke filogi mai siraran ƙafa biyu su ɗaura na Ingila mai ƙafa uku, su rantse maka cewa kayan Landan ne, ka sa shi a wuta ya yi ƙara ya ƙone nan take. Ka kifa injin ka karanta ɗan allon da ke ƙasansa, inda aka rubuta samfuri da volt. Idan an kankare shi, ka bar musu kayansu. Ka kuma sa a buɗe filogin a gabanka: baƙi da fari na Amurka ne, ruwan ƙasa da shuɗi na Ingila ne, ja da baƙi kuwa na Ingila ne na kafin wajen 1970, kuma waya mai irin wannan shekaru sauya ta ya kamata a yi ko da tana da kyan gani. Idan Kirby ɗin da aka ajiye maka na 120 ne, ka sa kuɗin taransifoma mai rage wuta a cikin lissafinka kafin ka yi tayi.