An cire min ƙarin endometiriyosis ta huji uku, amma akwai abin da ba a faɗa min ba

Wata biyar ke nan da yi min aikin, sai yanzu na iya zama in rubuta. Na yi shekaru ina fama da ciwon mara duk lokacin al'ada, irin wanda sai na durƙusa na dafe gado ina haɗa gumi, ana ce min ai haka mata suke. Sai da sikanin ya nuna ƙari a gidajen ƙwaina duka biyu, na hagu santimita 6, na dama 3. Likita ta ce tsohon jini ne ya taru a ciki ya yi kauri, sakamakon endometiriyosis, wato ciwon da nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajen mahaifar.

Aikin kansa, gaskiya na yaba. Ba a tsaga min ciki ba. Huji uku aka yi, ɗaya a cibiya inda aka zura kyamara, biyu ƙanana a ƙasan mara. Washegari na koma gida da ƙafata. Yanzu na cibiyar sai na duba sosai nake ganin tabonsa. Abin da ya tsorata ni a daren farko kafaɗata ta dama ce, ta riƙe kamar an soka min ƙusa. Nas ta ce, "Malama, iskar da aka hura miki a ciki ce take taɓa jijiyar da ta haɗu da kafaɗa, tashi ki ɗan taka." Na taka, kwana biyu ya wuce. Al'adata ta biyu bayan aikin kuwa, kuka na yi don daɗi, ashe ana iya yin ta mutum yana harkokinsa.

To, a nan yabon ya tsaya.

Da muka je wurin likitan haihuwa ni da maigidana, tambayarsa ta farko ita ce, "An gwada miki AMH kafin a taɓa gidajen ƙwan?" Na ce, "Likita, mene ne shi?" Ya ajiye biro, ya ɗan yi shiru. Gwajin jini ne kawai, mai nuna yawan ƙwan da ya rage wa mace. Ya yi min bayani cewa idan ana ɓare bangon irin wannan ƙarin, yakan taho da lafiyayyen naman gidan ƙwai, ƙona wurin don tsayar da jini ma yana iya ƙara ɓarna, kuma abin ya fi tsanani idan gefe biyu aka yi. Nawa gefe biyu aka yi. Sakamako ya fito ƙasa da abin da ake sa rai ga mai shekaruna 31, kuma tunda ba a gwada ba kafin aikin, babu ma'aunin da za a kwatanta da shi.

Wallahi abin ya tsaya min a rai. Sau biyu na faɗa wa likitar tiyatar cewa ina neman haihuwa. Takardar da na sa wa hannu ta yi maganar zubar jini da allurar barci, ƙwai kuwa ko kalma ɗaya. Daga baya na ji ashe akwai wata hanyar, a zuƙe jinin da allura a wanke cikin ƙarin da sinadarin etanol ba tare da an ɓare shi ba. Mai yiwuwa ɓarewar dai zan zaɓa, don an ce idan zuƙewa kaɗai aka yi ƙarin ya fi saurin dawowa. Amma jikina ne, ya kamata a shimfiɗa min duka in zaɓa, ko a bar na daman tunda ƙarami ne.

Duk wadda ta tambaye ni ina ce mata ta yi aikin, sauƙin ciwon gaskiya ne. Amma kada ta hau gadon nan sai an gwada mata AMH, kuma ta sa likita ya faɗa mata da bakinsa me zai yi wa kowane gefe. Ni wata mai zuwa zan koma sikanin, kuma har yau idan na tuna takardar nan raina ɓaci yake yi.