Fujifilm X100V a titunan Alƙahira: abin da na gani cikin wata huɗu

Na sauka Alƙahira a farkon Fabrairun 2023 da niyyar yin wata huɗu, kuma kyamara ɗaya tilo na riƙo, wato Fujifilm X100V wadda ta fito kasuwa a farkon shekarar 2020. Da gangan na bar babbar kyamarata da jakar gilasanta a gida, domin tafiye-tafiyen baya sun nuna mini cewa duk na'urar da ke gajiyar da kafaɗa, daga mako na biyu a masauki take wuni. Ita kuwa wannan nauyinta giram 478 ne har da batir da memori, tana shiga aljihun rigar sanyi, kuma ba na jin akwai ranar da na fita sayen burodi ko na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba tare da ita ba. A doguwar tafiya wannan shi ne abu na farko da ya kamata a duba, saboda hotunan da mutum zai fi so daga baya ba na wuraren tarihi ba ne, na hanyar da yake bi kullum ne.

Gilashinta ɗaya ne, mai tsawon milimita 23, wanda faɗin ganinsa ya yi daidai da milimita 35 a tsohon ma'aunin fim, kuma ba a cire shi, ba ya kuma zuƙo abin da ke nesa. Duk abin da kake so ya cika hoto, ƙafarka ce za ta kai ka wurinsa. Da farko na ɗauki wannan a matsayin naƙasu, amma titin Khayamiya da ke bayan ƙofar Bab Zuwaila, inda masu ɗinkin tantuna suke, ya sauya mini ra'ayi. Akwai wani dattijo da ke zaune a kan dakalin shagonsa ya harɗe ƙafafu, yana jera yankakkun ƙyallaye ja da shuɗi a kan farin yadi mai kauri, allura na shiga tana fita ba tare da ya dube ta ba. Da gilashi mai zuƙowa ne a hannuna, da daga tsallaken titi zan saci hotonsa in wuce. Tilas ta sa na matsa na yi sallama, ya amsa, ya tambayi ƙasata, ya sa yaro ya kawo shayi. Sai da muka kusa shanye kofi na ce, “Alhaji, ko za ka yarda in ɗauki hannuwanka kana aiki?” Ya yi dariya ya ce in haɗa har da fuskar, tunda ita ma ta tsufa a kan aikin.

A nan ne abubuwa biyu na kyamarar suka yi mini rana. Allonta na baya yana tanƙwarowa sama, don haka na riƙe ta a daidai cikina ina kallon ƙasa, fuskata a buɗe, hirarmu ba ta yanke ba. Sannan ƙarar ɗaukarta ba ta fi ta ƙiftawar agogo ba, har dattijon ya tambaye ni yaushe zan fara alhali na riga na ɗauki shida. Shirun nata bai ɗauke wa mutum wajibcin neman izini ba: a 2022 gwamnatin Masar ta sassauta ɗaukar hoto a wuraren jama'a ga mai ɗauka don amfanin kansa, amma ta hana ɗaukar yara, ta kuma sharɗanta yardar manya, kuma gine-ginen soja da na 'yan sanda ba wurin gwada kyamara ba ne.

Wajen launi ba ni da abin cewa sai yabo. Kyamarar tana da salo-salo na launi da aka kwaikwayo daga finafinan ɗaukar hoto na dā, kuma wanda ake kira Classic Chrome ya dace da Alƙahira matuƙa, birnin da duwatsun gininsa da ƙurarsa kusan launinsu ɗaya ne. Yawancin hotunan da na aika gida ban taɓa su a kwamfuta ba. Sensarta, wato ɓangaren da ke karɓar hoto a cikinta, megafiksel 26 ce, ta ishi duk girman da mai tafiya zai so ya wanke hoto. Akwai kuma matata mai rage ƙarfin haske a cikinta da ake kunnawa da maɓalli, wadda ta cece ni da tsakar rana a farfajiyar masallacin Ibn Tulun, ginin da aka kammala a shekarar 879, inda hasken da ke dawowa daga ƙasa yake kashe ido.

Azumi ya kama a ranar 23 ga Maris, birnin ya koma na dare. Fitilun fanus sun cika titin Mu'izz, ana shimfiɗa dogayen tebura a bakin hanya don buɗa-bakin duk wanda ya zo wucewa, kuma na sha ruwa sau da dama tare da ɗaliban Azhar 'yan ƙasarmu. Gilashin yana buɗewa har f/2, saboda haka yana jan haske sosai, sai dai wannan samfurin ba shi da na'urar da ke daidaita rawar hannu. Mutumin da ya wuni da ƙishirwa kuwa hannunsa ba ya tsayawa cak gab da magariba, kuma da yawa daga hotunan makon farko sun fito da dishi-dishi har sai da na koyi jingina gwiwar hannu a kan tebur ko bango. X100VI da ta gaje ta a 2024 ta zo da wannan na'urar, da sensa mai megafiksel 40.

Bazarar Masar tana zuwa da iskar khamsin, mai ɗauke da rairayi daga hamada, wadda duk wanda ya san ƙurar hunturu zai gane ta. Kyamarar ba ta zama mai jure ƙura da yayyafi sai an ɗaura mata zobe da gilashin kariya mai faɗin milimita 49 a gaba, kuma daban ake sayensu. Tun kafin in taso na ɗaura su, kowane dare kuma nakan goge ta da ƙyalle mai laushi. Batirinta yakan ba da hoto wajen 350, don haka biyu na riƙa yawo da su a aljihu, amma ana iya yi mata caji ta USB-C, abin da ya amfane ni a jirgin ƙasan Aswan da ya haura awa goma sha biyu. Gurbin memori ɗaya gare ta, shi ya sa kwafe hotuna zuwa wata ma'ajiya ya zama mini aikin kowane dare kafin barci.

Inda ta gaza a fili yake. A Giza, daga tudun da ake hango dalolin nan uku a jere, sun fito ƙanana a tsakiyar yashi, jiragen ruwa masu filafilai a kogin Nilu ma haka. A cikin masallacin Sultan Hassan kuma sai akasin haka ya faru, gilashin bai kai faɗin da zai haɗiye tsayin ginin ba, sai da na koma ga wayata. Mai son tsuntsaye ko wasanni ko manyan gine-gine ya nemi wata.

Sauran magana ita ce kuɗi. Dala 1,399 aka sa mata lokacin da ta fito, amma daga ƙarshen 2022 ta yi tashe a TikTok, ta yi wuyar samu, har ta hannu ta riƙa wuce farashin sabuwa. Ban ga dalilin biyan wannan ƙarin ba, musamman da yake dala 1,599 aka sa wa X100VI lokacin da ta fito a 2024. Wanda zai daɗe a gari ɗaya, yana son hoton masu sana'a da kasuwa da teburin abinci, kuma ba ya ƙyashin yin sallama, idan ya same ta a ƙasa da farashinta na asali ya saya, ya haɗa da zoben kariya da batir biyu.