Kaneksiyo ɗaya, mu biyar, a tsakiyar teku

Tun da na dawo Maradi matan layinmu a babbar kasuwa ba su bar ni na huta ba. Kowa tambayarta ɗaya: "Hajiya, yaya aka yi kina tsakiyar ruwa muna jin bokal ɗinki, saƙon muryarki, rangaɗau, kamar daga unguwar Zariya kike aiko shi?" To bari in rubuta sau ɗaya in huta, har da kuɗin da aka kashe da abin da ya ba ni haushi.

Ɗiyata ta fari, wadda ke aure a Marsey ta ƙasar Faransa, ita da mijinta suka ɗauki nauyinmu ni da Alhaji zuwa yawon jirgin ruwa na kwana 7. Mu biyar ne da jikana ɗan shekara 11. Jirgin ya tashi daga Marsey, ya tsaya Jenowa, Napoli, Mesina, tsibirin Malta, ya yi yini guda cur bai ga tudu ba, sannan Barsalona, ya dawo inda ya ɗauke mu. Ni da ruwan da na saba gani bai wuce tabkin Madarunfa da Gulbi in ya kawo da damina ba. Amma labarin jirgin kansa na wata rana ne. Yau zancen intanet ɗinsa nake, don ni ba hutu kawai na je ba, na bar shagon atamfa da shadda a hannun yaro, kuma ana gab da bukukuwa.

Abin da ba wanda ya gaya mini tun daga gida shi ne, da jirgi ya yi nisa da gaɓa rezo na tudu, wanda layin waya ke kamawa, ya tafi ke nan. Babu antena a teku. Abin da ya rage shi ne wifi ɗin jirgin, wanda yake jawowa daga tauraron ɗan'adam, kuma sayar da shi suke yi. Surukina ya yi wa Alhaji bayani ina gefe ina saurare: taurarin da aka daɗe ana aiki da su suna can sama wajen kilomita 36,000, shi ya sa magana take jinkiri, ka yi sallama sai ka jira kafin a amsa. Sababbin, irin na Starlink, ba su wuce 'yan ɗaruruwan kilomita ba, kuma tun 2022 manyan kamfanonin jiragen yawo suke ta komawa kansu. Nan na gane, ashe farin farantin nan ne da muke gani a saman gidaje a Maradi, wanda yaran unguwa ke sayar mana da tikitinsa. A gida dala ashirin zan ba yaro in yi abin da zan yi. A jirgi an ce mana yuro 15 kowace rana, na'ura guda.

Na sa ɗiyata ta buga mini lissafi. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ba ya hawa ba ya sauka. Yuro 15 kusan jikka 10 ke nan a yini. Kwana 7 ya kama yuro 105, wajen jikka 69. In mu manya huɗu kowa zai yanki nasa, an haura jikka 275. Na ce mata, "Ke, wannan ai kuɗin bandir ɗin shadda ne mai kyau, a zuba wa iska?" Kuma wannan shi ne ƙaramin tsari, na saƙo da duba shafuka. Akwai babba na masu kallon bidiyo, ya fi haka tsada. Da mun saya tun kafin mu shiga jirgin da mun samu ragi, ba mu yi ba, wannan sakacinmu ne.

Aka tsaya a kan za a sayi guda ɗaya a raba. A nan muka yi kuskuren farko. Ɗiyata ta biya, ta buɗe shi a kan iPhone ɗinta. Sai aka zo rabawa abu ya ƙi. Ashe iPhone tana raba intanet ɗin da ya fito daga layin waya ne kawai, ba ta karɓar wifi ta kuma miƙa wa wata. A jirginmu kuma na'urar da aka fara buɗe kaneksiyo a kanta, a kanta yake liƙewa har a sauka. An ce a wasu kamfanonin ana iya fita daga wannan waya a shiga da waccan, mutum ɗaya a lokaci guda. Namu dai ba haka ba ne. Ta yi kusan awa guda a layi gaban teburin ma'aikata a daren farko, mutane maƙil kowa da kukan wifi, kafin wata ma'aikaciya ta yarda ta cire shi ta mayar kan Samsung ɗin surukina, tana jaddada cewa sau ɗaya za ta yi wannan alfarmar. Ba ma kowace Android ke iyawa ba. Tawa da an kunna rabawa sai ta kashe wifi da kanta. Tasa ce kaɗai a cikinmu take riƙe biyun tare.

To fa, nan ake yin ta. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san tsakanin mace da mijin ɗiyarta, balle ta fari. Shekara 13 da aurensu, bai taɓa ganin na ci abinci ba, ban taɓa kiran sunansa ba. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" in amsa ina kallon wani wuri. Yau ga shi rijiyar gida ta koma aljihun wandonsa. In ya yi nisa da ni taku goma sha, alamar wifi ta ɓace daga wayata. Ran da muka bar Jenowa yaron shago ya aiko mini hotunan wasu atamfofi da aka kawo daga Kano yana jiran in ce a karɓa ko a mayar, hoto na uku yana ta juyawa, sai surukin ya miƙe zai je shan iska. Na bi bayansa daga nesa, waya a hannu, ina yi kamar teku nake kallo. Ya tsaya na tsaya. Ya hau bene na hau. Da ya waiga ya gan ni, bawan Allah sai ya daskare a wurin, ya sunkuyar da kai, ya tsaya cak kamar turken antena har hotunan suka gama sauka. Ba wanda ya ce wa wani uffan. Jikana kuwa dariya har da faɗuwa, wai "Kaka na bin Baba."

Da dare ɗiyata ta warware matsalar. Ta ƙwace wayar daga hannunsa, ta haɗa ta da pawa bank, ta jefa a jakarta. Daga ranar ita ce rijiyar, kowa ya bi ta. Shi kuma ya yi sauran kwanakin kusan ba waya, bai taɓa nuna ya damu ba. Allah ya yi masa albarka.

Aikin kaneksiyon kuwa, don Allah ba don kowa ba, in dai bokal ne da rubutu da hoto, ya yi. Da asuba da hantsi yana gudu kamar na gida ko ya fi. Waya huɗu a kansa, ban ga ya gaji ba. Kiran murya na WhatsApp ma yana shiga. Na yi ciniki da wata mai saye daga Tasawa minti ashirin bai yanke ba, har ta ce ƙarya nake ba a ruwa nake ba. Kiran bidiyo ne dai sai a hankali, fuska ta tsaya baki a buɗe. Amma daga bayan cin abincin dare, lokacin da dubban mutanen jirgin suka koma ɗakuna kowa ya ɗauki waya, sai ya zama tafiyar hawainiya. Ranar da muka yini a teku tsakanin Malta da Barsalona ita ce mafi muni, kuma ita ce ranar da aka fi bukatarsa. Bokal na minti ɗaya ya yi kusan rabin awa yana jiran tafiya. Yuro 15 ɗin ranar dai ban yafe ba.

Akwai kuma abin da muka jawo wa kanmu. Wayoyinmu da suka ga wifi sai suka ɗauka gida aka zo: wannan tana sabunta kanta, waccan tana kwashe hotuna tana aikawa ajiya, ƙungiyoyin WhatsApp na dangi da na makarantar islamiyya suna ta zubo bidiyon wa'azi da na biki. Sai da aka bi kowace waya aka kashe saukar da kaya kai tsaye sannan hanya ta buɗe. Wayar da ke rabawa kuma zafi take yi kamar an ɗora ta a garwashi, caji ba ya kai azahar. Wanda ba shi da pawa bank kada ma ya fara.

Ɗakunanmu biyu jere suke, na ɗauka bango ɗaya ba zai hana komai ba. Jikana ne ya nuna mini dalili. Ya ɗauki ɗan maganaɗisun ado da ya saya a Jenowa ya manna a bango, ya zauna daram. Bangon ƙarfe ne, fenti kawai aka yi masa. Sai an ajiye wayar a jikin bangon ta wancan gefe, ni kuma in zauna a bakin gado ta wannan gefe, sannan in samu sanda ɗaya ko biyu. Ƙarfen nan har alƙibla ya rikita mana, allurar waya tana ta rawa. Da taswirar da talabijin ɗin ɗaki ke nunawa muka riƙa gane inda jirgi ya fuskanta.

Alhaji kuwa tun kwana na biyu abin bai kwanta masa ba. Ya ce, "Mutanen nan sun ce na'ura guda, mu mun ɗora huɗu. Wannan ba hakki ba ne?" Na ce, "Alhaji, ruwan da ka saya da kuɗinka, in ka zuba wa iyalinka a kofi ai ba sata ka yi ba." Ya ce sai dai in mai rijiya bai gindaya sharaɗi ba. Aka sake tura ɗiyata ta tambaya. Amsar da ta kawo: sharaɗin dai na'ura guda ne, haka yake a rubuce, ƙaramin akwatin raba wifi da wasu matafiya ke shigowa da shi kuwa an hana, in an gan shi a kaya za a riƙe sai ranar sauka. Kan rabawa daga waya ma'aikacin bai ce e ba, bai ce a'a ba, kafaɗa kawai ya ɗaga. Alhaji ya ce shi ɗaga kafaɗa ba izini ba ne. Ya sa aka cire wayarsa daga ciki, ranar teku ya biya nasa na yini ɗaya, sauran ranakun ya haƙura. Ni ban fita ba. Har yanzu in zancen ya taso a gida ba mu daidaita ba, kuma ba na cewa shi ne bai da gaskiya. Wanda zai je dai ya karanta sharaɗin kamfaninsa tun yana tudu, don kowane da nasa.

Haƙurin Alhaji kuma bai sa ya rasa komai ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Cikin kwana 7, yini ɗaya kawai muka yi ba tudu. Sauran duk da safe jirgi na tashar wani gari, sai yamma ya tashi. Italiya da Malta da Sifen duk Tarayyar Turai ce, kuma tun 2017 layin waya na ɗaya daga ƙasashen yana aiki a sauran ba tare da ƙarin kuɗin yawo ba. Wato da jirgi ya matso gaɓa, layin Faransa na ɗiyata ya kama rezo, ta raba mana daga iPhone ɗin nan da ta ƙi wifi, da gudunsa, har da bidiyo, ba ko dala. A Napoli ina zaune bakin tasha na ga shagona ƙarara, na sa yaro ya juya waya na ƙirga bandir ɗin da suka rage. Da na san haka tun farko, na yini ɗaya zan saya kamar Alhaji, in tara cinikina in yi shi da rana.

Sai dai a kula da yamma. Da jirgi ya saki igiya, a mayar da kowace waya kan alamar jirgin sama, a kunna wifi kaɗai. Jirgin yana da nasa rezo na waya da ke bi ta tauraro, wannan kuma dokar Turai ba ta shafe shi ba. Waya tana kama shi da kanta ba ta tambaye ka ba. Ɗiyata ta manta a daren Mesina, saƙon gargaɗin farashi ne ya shigo ta yi wuf ta kashe, duk da haka ta ga wurinsa a takardar kuɗin wata. Haka kuma duk abin da ke bukatar kod ta SMS, na banki ko na aika kuɗi, ba zai iso ba muddin waya na kan alamar jirgin sama. Wani biya da zan yi wa mai kawo mini kaya sai da na kira ƙanena ya je da ƙafarsa ya yi shi a Maradi.

Ran da za mu sauka a Marsey ɗiyata ta ciro wayar daga jaka ta miƙa wa mijinta, saƙonni sun taru masa ɗari da wani abu. Ni kuma na ba jikana turmin shadda ɗaya da na taho da shi don wani, na ce ya kai wa babansa, kada ya ce daga wa.