Garin sinadarin DSS na kamfanin MP Biomedicals: abin da na gani a kejin ɓerayena

Ni likitar dabbobi ce, karnuka masu gudawar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa su suka ja ni zuwa binciken kumburin hanji. Ba za ka ɗauki karen mutane ka yi gwaji a kansa ba, don haka sai a koma kan ɓeraye, a jawo musu ciwon da gangan. Hanyar da aka fi bi ita ce ta zuba sinadarin DSS (dextran sulfate sodium, mai jawo kumburin hanji) a ruwan shansu, wadda Okayasu da abokan aikinsa suka bayyana a Japan a 1990.

Da farko arha na bi. Wani dillali ya kawo min DSS a kwalba, babu bayanin nauyin ƙwayarsa a jiki. Kwana bakwai ɓerayen nan suna sha, kashinsu busasshe kamar ƙwayar shinkafa, suna ta guje-guje abinsu. Ashe nauyin ƙwayar shi ne komai: mai 5 kDa (ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ke nan) ɗan ciwo kaɗan yake sawa, mai 500 kDa ba ya yin komai, na wajen 40 kDa shi ke cin fatar cikin babban hanji. Wata guda da kuɗin abincin dabbobi suka tafi a banza.

Sai malamina ya ce in haƙura in sayi na MP Biomedicals, mai 36 zuwa 50 kDa. Farin gari ne, yana narkewa tas ba ya barin laka a gindin kwalba. Na haɗa kashi 3 cikin 100 a ruwan shansu. Ran kwana na uku kashinsu ya fara laushi, na biyar na ga jini a kan dusar katakon da ke shimfiɗe a keji, gashinsu ya tashi, sun takure a kusurwa. Da muka buɗe su, babban hanjin ya gajarce a fili idan aka jera shi a kan rula kusa da na masu lafiya. Abin da ya burge ni, kusan duk rukunin tare suka kamu, ba wani ya galabaita wani yana garau ba.

Amma ga abin da takardun Turai ba su gaya min ba: zafinmu. A watan Afirilu, in aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, ɓera yana shan ruwa fiye da ƙima, yawan shansa kuwa yawan sinadarin da ke shiga cikinsa. Biyu sun rasa kashi 20 cikin 100 na nauyinsu kafin lokaci, dole na kawo ƙarshen wahalarsu, kuma wallahi abin ya tsaya min a rai. A zagaye na biyu na rage zuwa kashi 2.5 cikin 100, ina auna ruwan kowace safiya, ina sake haɗa sabo bayan kwana biyu.

Yana da tsada, ga canjin dala. Duk da haka ku sayi wanda zai ishe ku a lokaci ɗaya, domin ƙarfin DSS kan bambanta daga wannan haɗi zuwa wancan, kuma ku rufe kwalbar da kyau saboda yana jan laima. Mai shirin yin PCR (gwajin ƙwayoyin gado) ya tsaftace samfurinsa sosai, ragowar sinadarin yana hana aikin tafiya.

Ban ɗauke shi a matsayin ciwon kare sak ba. Rauni ne da sinadari ya jawo a babban hanji, alhali na karnuka da yawa ya haɗa da ƙaramin hanji da abincin da suke ci. Don gwada ko magani yana warkar da fatar hanji dai, shi zan sake saya.