Neman bayanai a ofisoshin gwamnati: hidima mai araha, amma sai an buga maka hatimi

Cikin duk abin da gwamnatin Najeriya ta yi wa aikin jarida, wanda ba ya ɗaure wa ɗan jarida baki shi ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Tallar gwamnati a jarida tana tafe da sharaɗi ko ba a furta ba. Wannan doka kuwa haƙƙi ta ba ka na neman takardu daga hukumomin gwamnati, kuma sashe na 1 ya ce ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake nema ba.

Farashin ba shi da laifi. Kuɗin kwafin takardu kaɗai doka ta yarda a karɓa.

Ka rubuta wasiƙa ga shugaban hukumar, ka yi kwafi biyu, ka kai ofishin rajista, inda ake karɓar wasiƙu, da kanka. Kada ka bar gaban teburin sai an buga wa naka kwafin hatimi, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Wannan hatimin shi ne jarinka gaba ɗaya: daga ranar da aka karɓa ake ƙirga kwana 7 na amsa, kuma shi za ka nuna wa alƙali idan aka ce wasiƙarka ba ta iso ba. Hukuma na iya ƙara wasu kwana 7 idan takardun na da yawa, amma sai ta sanar da kai. Idan ka kai ofishin da ba shi ne ba, kwana 3 zuwa 7 gare su su miƙa wasiƙar inda ya dace.

Yawancin buƙatu a wurin rubutu suke mutuwa. Wanda ya rubuta "ku yi mana bayanin yadda aka kashe kuɗin asibitoci" ya ba ma'aikaci hanyar zamewa. Takarda ake nema da sunanta: kwafin takardar bayar da kwangila, sunan kamfanin, takardun biyan kuɗi, na shekara kaza. Buƙata ɗaya, batu ɗaya.

Za a iya ce maka takardar ta sirri ce, a kawo dokar sirrin gwamnati ta 1962. Sashe na 28 ya riga ya amsa wannan, tambarin sirri kaɗai ba ya hana bayarwa. Haka hujjar da jihohi suka daɗe suna fakewa da ita, wai dokar ta tarayya ce kawai, Kotun Ƙoli ta rushe ta a Afrilun 2025 a wata shari'a daga jihar Edo.

Inda hidimar ke ɗingishi shi ne shiru. Doka ta ɗauki rashin amsa a matsayin ƙin bayarwa, ta ba ka kwana 30 ka garzaya kotu, kuma hukumar ce za ta kare kanta. Sai dai babu wata hukuma ta tsakiya da za ka kai wa ƙara kyauta kafin kotu. Tarar naira 500,000 da dokar ta tanada a 2011 ga wanda ya ƙi bayarwa ba bisa ƙa'ida ba, darajarta ta zaizaye, kuɗin lauya ma na iya fin ta. Ƙaramin gidan rediyo ba zai iya ba, kuma kafin a yanke hukunci labarin ya huce.

Ga binciken da za a shafe wata uku ana yi, wannan hanya ta cancanci wahalar. Mai neman labarin gobe da safe gara ya nemi majiyarsa ta waya.