Ruwa zalla da ruwan gishiri: ina bambancin gauraye da haɗaɗɗen sinadari?

Wata ƙanwarmu da ke aji ɗaya na babbar sakandare a nan Jos ta kawo tambaya a zauren nan. Ta ce malamin kemistiri ya koya musu cewa ruwa haɗaɗɗen sinadari ne, wato kwamfawun, amma ruwan gishiri gauraye ne kawai. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, an ce ruwa haɗin haidurojin da oksijin ne, ruwan gishiri kuma haɗin ruwa da gishiri ne, sannan idan aka zuba su a kofi biyu babu mai iya bambanta su da ido. To me ya sa aka raba musu suna, ko kuwa haddacewa kawai za ta yi ta wuce wurin?

Ƙanwata, kada ki yi gaggawar hadda, domin kin riga kin kama bakin zaren da kika ce ido ba ya bambanta su. Ido ba alƙali ba ne a wannan shari'a. Bambancin yana can ƙasa, a wurin ƙwayoyin zarra, kuma duk sauran bambance-bambancen da aka jera muku a allo daga nan suka samo asali.

Duk abin da yake da nauyi kuma yake cin wuri, ko daskararre ne kamar dutse, ko mai gudana kamar ruwa, ko iska, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Idan ƙwayoyin da ke cikin abu duk iri ɗaya ne, shi ake kira sinadarin asali, kamar ƙarfe, zinari, oksijin ko kabon. Zuwa yau an san irin waɗannan guda 118, kuma abin da ya raba kowanne da ɗan'uwansa shi ne yawan furoton, wato wasu ƙananan ƙwayoyi da ke tsakiyar ƙwayar zarrarsa: haidurojin yana da 1, oksijin 8, zinari 79. Tambayarki tana farawa ne daga lokacin da iri biyu ko fiye suka haɗu a wuri guda, domin haɗuwar iri biyu ce. Ko dai ƙwayoyin su ƙulla da juna su haifar da sabon abu, ko kuwa su yi zaman 'yan marina, suna wuri ɗaya amma kowa da inda ya sa gabansa. Na farkon shi ne haɗaɗɗen sinadari, na biyun shi ne gauraye.

Mu fara da ma'auni, tunda a ganina shi ne hujjar da ta fi ƙarfi. A cikin ruwa, kowace ƙwayar oksijin ɗaya tana ƙulle da ƙwayoyin haidurojin biyu, shi ya sa ake rubuta H₂O. Idan aka koma ga nauyi, giram 2 na haidurojin yana cin giram 16 na oksijin ya ba da giram 18 na ruwa, kuma ko da kin kawo oksijin giram 20, giram 4 zai rage bai shiga ba. Ruwan sama da ya sauka a Bukuru da ruwan da aka haɗa a ɗakin gwaji a Jamus, muddin an tsarkake su, wannan ma'aunin ɗaya ne babu ƙari babu ragi. Wani Bafaranshe mai suna Joseph Proust ne ya tabbatar da wannan ƙa'ida a ƙarshen ƙarni na 18, kuma tana cikin hujjojin da suka ƙarfafa bayanin da John Dalton na Ingila ya yi game da ƙwayar zarra a farkon shekarun 1800. Shi kuwa ruwan gishiri ba shi da irin wannan doka. Kina iya barbaɗa ɗan kaɗan, kina iya zuba cokali uku, duk sunansa ruwan gishiri, har sai kin kai wajen giram 36 a cikin giram 100 na ruwa, inda ruwan zai ƙoshi sauran gishirin ya kwanta a ƙasan kofi. Saboda haka ne ruwa yake da alamar rubutu tasa ta kansa, ruwan gishiri kuwa babu.

Idan kuma aka karya ma'aunin haɗaɗɗen sinadari, to an fita daga shi an shiga wani abu dabam. Ƙara ƙwayar oksijin ɗaya a kan ta ruwa yana ba da H₂O₂, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, wanda ba mai hankalin da zai ɗauka ya sha.

Sai batun hali. Haidurojin iska ce mai kamawa da wuta, oksijin kuma shi ne wuta ba ta ci sai da shi, amma da suka ƙulla sai suka haifi ruwan da ake kashe gobara da shi. Shi kansa gishirin da kike tambaya a kai haka labarinsa yake. Sodiyam ƙarfe ne mai laushi da wuƙa ke yankawa, wanda a ɗakin gwaji cikin kananzir ake ajiye shi domin idan ya taɓa ruwa yana iya tashi da wuta, kulorin kuwa iska ce mai guba. Ƙullinsu ne ya zama gishirin da muke sa wa miya. Amma da kika zuba gishirin a ruwa, bai bar ɗanɗanonsa ba, ruwan ma bai daina zama ruwa ba. Ki lura da wannan da kyau domin a nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe: ruwan gishiri gauraye ne na haɗaɗɗun sinadarai biyu. Ba dole ba ne abin da ke cikin gauraye ya zama sinadarin asali.

Bambanci na uku shi ne hanyar rabawa, kuma mu mutanen Filato ba mu da uzurin kasa gane shi, domin a kan sa aka gina garin nan. Ki dubi masu wankin kuza a bakin tsofaffin tafkunan haƙar ma'adinai na wajen Rayfield, Bukuru da Barikin Ladi. Ana cika kwanon sarki da ƙasar da aka haƙo, a juye ta a cikin magudanar ruwa, a yi ta motsa ta da shebur. Laka da yashi sai su bi ruwa su tafi, baƙaƙen ƙwayoyi masu nauyi su kwanta. Daga nan sai a kwashe su a daro ko ƙwarya, a riƙa juyawa a hankali ana karkatar da bakin, har farin yashin da ya rage ya zube, baƙar kuza ta taru a tsakiya. Dalilin da ya sa wannan ke yiwuwa shi ne kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu da rabi: idan aka auna gwargwado ɗaya na kowanne, yashi ya ninka ruwa nauyi kusan sau 2.65, kuza kuwa wajen sau 7. Bayan an shanya, masu saye kan bi da ita ta injin maganaɗisu, wanda ke janye kwalambait da wasu baƙaƙen ma'adinai ya bar kuza, tunda ita maganaɗisu bai cika kama ta ba. Kwalambait ɗin ma ba abin yarwa ba ne, domin a shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Duk wannan wahala, daga wanki har maganaɗisu, raba gauraye ne. Ba a taɓa ƙwayar zarra ko ɗaya ba, an dai yi amfani da bambancin nauyi da bambancin kamun maganaɗisu an ware abubuwan da dama can kowanne zaman kansa yake yi.

To amma baƙar kuzar nan da ta fito tas, har yanzu ba ƙarfe ba ce. Haɗaɗɗen sinadari ce, SnO₂, ƙwayar ƙarfen kuza ɗaya ƙulle da ƙwayoyin oksijin biyu, kuma kusan kashi 79 cikin 100 na nauyinta ne ƙarfen. Ko za a shekara ana wanke ta, ko a daka ta ta koma gari, oksijin ɗin ba zai saki ba. Sai an zuba ta a tanderu tare da gawayi an hura wuta ta haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos, kabon ɗin gawayin ya ƙwace oksijin ya fice a matsayin iska, sannan farin ƙarfe mai sheƙi ya kwararo. Maƙeran Liruwe, tsohon garin masu narkar da kuza, sun san wannan aiki tun kafin Turawa su fara haƙar kuza a Filato a farkon ƙarni na 20, kuma shi ne aikin da masana'antar narkar da kuza ta Makeri ta riƙa yi a nan Jos tun daga farkon shekarun 1960, maimakon a yi ta tura ɗanyar kuza Ingila. Kin ga ke nan a cikin kwano ɗaya akwai duka biyun: gaurayen da ruwa ke rabawa, da haɗaɗɗen sinadarin da sai an sauya ainihinsa kafin ya rabu.

Haka abin yake ga kofunanki biyu. Matan Keana da ke jihar Nasarawa sun daɗe suna tace ƙasa mai gishiri da ruwa, su dafa ruwan har ya ƙone ya bar musu gishiri a tukunya. Amma ki tafasa ruwa zalla iya son ranki, tururin da ke tashi H₂O ne, kuma idan ya taɓa murfin tukunya zai sake zama ruwa. Kafin a raba shi zuwa haidurojin da oksijin sai an ratsa shi da wutar lantarki, abin da aka fara yi da batir a Landan a shekarar 1800.

Akwai gwajin da kusan kowane littafin sakandare ke kawowa, na garin ƙarfe da farar wuta. Idan aka cakuɗa su a takarda, maganaɗisu zai tsince ƙarfen ya bar rawayan gari. Idan aka ɗauki giram 7 na ƙarfe da giram 4 na farar wuta aka gasa, cakuɗin zai yi jajawur da kansa, ya bar baƙin dunƙule wanda ba a iya tsince ƙarfen daga cikinsa kuma. Na so a ce kowane ɗalibi ya ga wannan da idonsa, domin kayan ba su da tsada, amma ba abin gwadawa a ɗakin girki ba ne, saboda hayaƙin farar wuta yana shaƙe mutum.

Yanzu mu koma ga ruɗin ido. Akwai gaurayen da ke nuna kansa, kamar fura da nono, ko gero da tsakuwa, ko manja a kan ruwa. Akwai kuma wanda ya gauraya ya zama bai ɗaya, duk inda kika ɗiba iri ɗaya ne, kuma ruwan gishiri a wannan sahun yake. Iskar da muke shaƙa ma haka: kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin, kashi 21 oksijin, saura kuma iskar agon da ɗan abin da ba a rasa ba, ga tururin ruwa da ke yawaita da damina ya ragu da hunturu. Sarƙar gwal ma gauraye ce, kuma abin da lambar karat ke gaya wa mai saye ke nan: mai lamba 18 kashi 75 cikin 100 ne zinari, mai lamba 21 kashi 87.5, sauran kuwa jan ƙarfe ne ko azurfa. Da haɗaɗɗen sinadari ce, da ba a sami lambobi daban-daban ba. A gefe guda kuma, ƙanƙara a cikin ruwa tana kama da abu biyu, alhali abu ɗaya ne a yanayi biyu.

Hanyar da ake bi a ɗakin gwaji idan ido ya gaza ita ce duba zafin tafasa ko na narkewa. Abu zalla yana tafasa a kan zafi ɗaya, ma'aunin ya tsaya cak har ruwan ya ƙare. Ruwan gishiri kuwa yana fara tafasa a sama da na ruwa zalla, kuma zafin ya yi ta hawa sannu a hankali yayin da ruwa ke ƙonewa gishiri ke ƙara kauri. Sai dai ga wani abu da ya shafe mu: digiri 100 da littafi ya ce, na wurin da yake daidai da bakin teku ne, kamar Legas. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda nauyin iska ya ragu, don haka ruwa zalla a nan wajen digiri 96 yake tafasa. Idan kuka gwada a makaranta kuka ga 96, kada ki ce ruwan ne ba shi da kyau. Abin dubawa shi ne ko ma'aunin ya tsaya ko yana hawa.

Akwai layi ɗaya a cikin jadawalin da ake ba ɗalibai wanda nake so ki riƙe da sassauci, wato wanda ke cewa ba a samun zafi idan ana haɗa gauraye. A mafi yawan lokuta haka ne, kuma idan an tambaye ki a jarrabawar WAEC ko NECO kina iya rubuta shi tare da kalmar "galibi". Amma duk wanda ya taɓa ganin masu yin sabulu suna jiƙa soda a ruwa ya san robar kan ɗauki zafi sosai, kuma abin da ke cikinta gauraye ne, tunda kowace mai sabulu da yawan sodar da take zubawa. Shi ma gishiri, idan ya narke, ƙwayoyin sodiyam da na kulorin masu ɗauke da caji suna warwatsuwa a cikin ruwan, sai dai ba sa komawa ƙarfe da iska mai guba, kuma da zarar ruwan ya ƙone sai su sake jeruwa su zama gishirin da aka zuba. Wannan bayani na caji zai zo muku a darasin ƙullin sinadarai, kuma a nan ne za ki ga dalilin da ya sa gishiri ke narkewa a ruwa amma ya ƙi narkewa a kananzir.