Adireshin saye ko na waɗanda suka yarda?

Mai shagon atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ta Kaduna da ya buɗe shafin intanet, hanya biyu ce a gabansa in yana son tallata kaya ta imel.

Zai iya sayen dubban adireshi a hannun wani, ya watsa musu talla daga akwatin shafinsa. Ba tsada, ba jira. Sai dai kamfanonin da ke ba da hayar wurin ajiye shafi sun haramta wannan a sharuɗɗansu, kuma ina bayansu. A hayar haɗaka, shafuka da yawa ne ke aika saƙo ta lambar IP guda, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, kamar 'yan haya masu mitar wuta ɗaya. In ƙorafin waɗanda aka watsa wa tallan ya yi yawa, ƙungiyoyi irin su Spamhaus kan sa lambar cikin jerin waɗanda ake toshewa, sai saƙon wata Islamiyya a Tudun Wada, wadda ba ta ji ba ba ta gani ba, ya daina isa ga iyayen yara. Shi kuma a dakatar da shafinsa, wani lokacin ana tsakiyar cinikin Sallah.

Ko kuma ya roƙi masu saye su ba shi adireshinsu da yardarsu, ya riƙa aikawa ta kamfanin da aikinsa ke nan, kamar Mailchimp. Jerin yana girma ne a hankali, gaskiya. Amma wannan hanya ta biyu na zaɓa masa. Tun 2024 Gmail ke buƙatar masu aika saƙon da ya kai 5,000 a rana su riƙe ƙorafi ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba kowa damar ƙin karɓar talla.